Ubuntu 24.04 da kulle ƙofofin kanel, wa ya ci karo da abin nan?

Mai Lab a Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wata cibiyar koyon kodin a nan Samaru, ɗalibai kowa da akawun ɗinsa amma ba mai sudo, wato ikon root mai iko da komai a injin, sai ni. Tunda muka koma Ubuntu 24.04 ƙorafi ya ƙi ƙarewa, wannan ya ce AppImage ɗinsa, wato manhajar da ke zuwa a fayil guda, ya ƙi tashi yana kukan sandbox, kejin da ke killace manhaja, wancan ya buga umarnin unshare na buɗe namespace an ce masa Operation not permitted. Na bincika na ga AppArmor, tsarin tsaron da ke iyakance abin da kowace manhaja za ta iya yi, shi ne ya hana ƙaramin yuza buɗe user namespace sai in manhajar tana da furofayil nata, wato fayil ɗin dokokinta na AppArmor. Wasu sun ce in maida kernel.apparmor_restrict_unprivileged_userns zuwa 0 kawai in huta, ni kuma gaskiya raina bai kwanta ba. Dan Allah duk wanda abin ya taɓa faɗa masa ya gaya mana yadda ya yi.

Injiniya PZ:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka kashe shi, musamman a injin da mutane da yawa ke hawa. Abin da namespace ɗin nan ke yi shi ne ya ba yaro ɗaki nasa inda zai zama root, a waje kuwa ba kowa ba ne. Tun Linux 3.8 a 2013 aka buɗe wa kowa shi, matsalar ita ce daga cikin ɗakin hannunsa na kaiwa sassan kanel, wato zuciyar Linux, da a da root kaɗai ke taɓawa, irin su nf_tables na fayawol da hawa fayil sistem, kuma kodin wuraren nan an rubuta shi ne da zaton amintacce ne zai kira shi. Ɓarakar tsaro mai lamba CVE-2024-1086 ta nan aka bi, kuskure ne a nf_tables amma ƙaramin yuza sai ya samu namespace kafin ya kai gare shi, daga nan sai root na gaske. Ranar da labarin ya fito ina riƙe da sabar wani kamfani da ba a yarda a yi mata ribut da rana ba, rufe namespace ɗin ne ya ba ni natsuwa har dare ya yi na sa faci.

'Yar Tudun Wada:
To ni dai ta ɓangaren masu shan wahala zan yi magana. Laftof ɗina ni kaɗai ke amfani da ita, kuma datar da na ƙona ina neman dalilin da ya sa manhajar rubutu ta Electron, irin waɗanda aka gina a kan injin burauzar Chrome, ta daina buɗewa Allah kaɗai ya sani, saƙon da take bayarwa ma ba ya ambaton AppArmor ko kaɗan. Duk inda ka duba sai ka ga an ce ƙara --no-sandbox, kun ga kenan an kulle ƙofa ɗaya mutane sun je sun ɓalle wata, don sandbox ɗin shi ne ke tsare ka in shafi mai cuta ya fasa burauza. Wannan ya ban haushi wallahi.

Injiniya PZ:
Gaskiyarki ƙanwata, saƙon bai da kyau. Amma ki rubuta ƙaramin fayil a /etc/apparmor.d, ki sa hanyar manhajar da layin userns, sai ki loda shi da apparmor_parser. Ita kaɗai kika buɗe wa kenan. Chrome da Firefox ai Ubuntu ta riga ta tanadar musu furofayil shi ya sa ba ki ji su ba.

'Yar Tudun Wada:
Na gode Yaya, haka na yi daga baya kuma ta tashi. Sai dai in sunan fayil ɗin ya canza da sabon bashan sai an sake gyara hanyar.

Ɗan Kongo:
Nawa ba namespace ba ne, gdb ne, manhajar farautar kuskure a furogiram. Ina furojet ɗin C na so in manne wa furogiram da ke gudana aka ce ptrace not permitted, ashe ptrace_scope na Yama, wani sashen tsaro na kanel, ne a kan 1, wato sai wanda kai ka tayar daga cikin gdb ɗin. Da farko na ɗauka takura ce kawai, sai mai kula da sabarmu ya zaunar da ni ya nuna min cewa in babu shi duk wata manhaja da ke gudu da sunana za ta iya leƙa memorin burauzata. dmesg mai nuna saƙonnin kanel ma haka, tun 20.10 Ubuntu ta rufe wa ƙaramin yuza shi, shi dai ya sa mu a gurup ɗin adm muna karanta log ta journalctl, aiki bai tsaya ba.

Malam na Sabon Gari:
Abin da zan ƙara kar a ɗauka kullen nan ya gama magana. Dirty Pipe, wani kuskuren kanel na 2022, bai nemi namespace ba sam, kuma a 2025 kamfanin tsaro Qualys sun fitar da hanyoyi 3 na zagaye wannan takunkumin na Ubuntu. Rage wurin da za a kawo hari ne, faci dole ne. Ni a sabobin da nake riƙewa na bar unprivileged_bpf_disabled, mai hana ƙaramin yuza loda kodin BPF cikin kanel, a kulle, na kuma kashe io_uring, hanyar kanel ta saurin karatu da rubutu, da io_uring_disabled wanda ya shigo a Linux 6.6, don Google da kansu a 2023 suka ce kusan kashi 60 na hare-haren kanel da aka kawo musu a gasarsu ta masu gano ɓarakar tsaro, ta io_uring suka bi, suka kashe shi a ChromeOS da sabobinsu. Har yau ba kwastoman da ya kira ni a kan haka, Nginx da PostgreSQL ɗinsu na tafiya lafiya.

Mai Lab a Samaru:
Allah ya saka da alheri. Zan bar shi a kulle in rubuta furofayil wa manhajojin da muke koyarwa da su, masu son wasa da unshare kuma in ba su VM a injin da ke lungu su yi duk abin da suka ga dama. Injiniya dan Allah turo min samfurin fayil ɗin naka, kuma perf fa, manhajar auna gudun kodi, perf_event_paranoid na nan a kan 4 kuma ajin sati mai zuwa na auna gudun kodi ne, zuwa nawa kake ganin zan sauke shi?