Neman shawara: bas ɗina yana ɓacewa in mun hita hili

Mai sono, Tawa:
Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah ku taimaka min da shawara, abin ga ya dame ni ƙwarai. Ina da baful huɗu na bas, lasifika inci 18 ko wanne, wani kahinta ya yi min su da katako mai kauri milimita 12, hoto kawai munka gani a Facebook munka kwaikwaya. Girmanshi 60 da 60 da 45 santimita, ƙohar iska kuma tiyo biyu na ruwa masu faɗin santimita 10. Cikin shago in na kunna har kwanon rufi rawa yake, amma jiya wurin wa'azi a hili in ka ja baya taku ashirin babu komai sai murya, na ƙara ma ampili ƙarfi sai tiyon ya kama huci fuf fuf, daga ƙarshe takardar lasifika guda ta yage. Ina da biki bayan sati ukku. In sake akwati ne ko in nemi ampili babba?

Mai gyaran ampili, Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka taɓa kuɗinka wurin ampili tukuna. Cikin shago bango da rufi ne ke maido maka bas ɗin, a hili kuwa babu mai maido shi, kuma duk sanda nisa ya ninka biyu kana asarar desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti), wanda ke mita 16 ya rasa 24 kan wanda ke mita 1. Akwatinka na lissafa, cikinsa litar 140 ne da ɗan kai, ka cire wurin da lasifikar ta cinye, ya yi kaɗan ga yawancin inci 18, su sun fi son wajen 180 zuwa 200. Amma ba a yanke katako da ka. Ka duba suna da lamba a bayan maganaɗisun, ka nemo takardar bayaninta a intanet, lambobi uku ake so masu nuna halin lasifikar, Fs da Qts da Vas. Ka zuba su cikin WinISD, manhajar lissafin akwatin lasifika, kyauta ne a kwamfuta, zai zana maka yadda bas zai fito kafin ka sayi ko falle ɗaya. In Qts bai wuce 0.4 ba, to lasifikar ta dace da akwati mai ƙofa. Abu biyu za ka sa wa ido a zanen, gudun iska a ƙofa kar ya haura kamar mita 17 zuwa 20 a sakan, can ne hucin nan ke farawa, sai kuma motsin takarda kar ya wuce Xmax ɗinta, wato iyakar motsin da aka ƙayyade mata. Tiyonka biyu duka santimita murabba'i 157 ne, inci 18 tana son wajen 400. Akwati mai litar 180 da ƙofa mai 400, tsawo kamar santimita 20 zuwa 25, zai zauna kusa da 40 Hz (Hz ma'aunin zurfin sauti ne, ƙaramar lamba bas mai zurfi), wato nan aka daidaita ƙofar.

Kahinta, Tawa:
Maigida milimita 12 wallahi ba ta yi, ɗora hannu bisa akwatin lokacin da yake aiki ka ji, ƙarfin da ya kamata ya tahi ga mutane katako ke shanye shi. Kwantirfilake (katako mai falle-falle) milimita 18 za ka sa, da ƙarfafa daga ciki gaba da baya, gehe da gehe, gam a duk haɗi kar iska ta samu wurin hita. MDF (katakon garin itace da aka matse) ka bar ma masu sawa cikin gida, ga nauyi, damina guda in ya sha ruwa ya kumbura.

Mai sono, Tawa:
Na gode babban yaya. To yagewar takardar fa, mi ya kawo ta? Ampilin bai ko nuna jar wutar gargaɗi ba.

Mai gyaran ampili, Yamai:
Shi ne babban abin. Ƙasa da inda aka daidaita ƙofar, iskar cikin akwati ba ta riƙe takarda kuma, lilo take kamar babu akwatin. A naka, duk sautin da ya sauka 30 Hz yana wujijjiga ta a banza kai kuma ba ka jin komai, sai ka ƙara. A sabon akwatin ka sa filta mai yanke ƙasa a 35 Hz, sama kuma ka yanke 90 ko 100 a kurosoba, na'urar raba sauti. In kahinta ya gama, kwantar da akwatin fuska sama, zuba ƙwayar gero kaɗan bisa takarda, ka sa sautin gwaji daga waya a hankali daga 60 kana sauka. Inda geron ya lafa ya bar tsalle nan ƙofarka take. In ya lafa a 45 ƙara mata tsawo, in 35 ne rage.

Mai DJ, Yamai:
Ni dai kafin bikin gwada wannan, kar ka raba su biyu dama biyu hagu. Tara huɗun wuri guda a ƙasa, jikin juna, in da katanga a baya ma ka jingina su, za ka ji bambanci nan take. Kuma ɗauki batir ka taɓa wayar kowanne, duk takardun su yo waje tare, in ɗaya ta koma ciki tana kashe ta kusa da ita. Zafin watan Afrilu kuma ka yi musu rumfa, bobin (naɗin wayar cikin lasifika) in ta yi zafi ƙara na raguwa.

Mai sono, Tawa:
Allah shi saka da alheri. Gobe in sha Allah in kwance guda in turo lambar bayanta, akwati biyu za mu fara da su saboda kuɗin katako.