Gyaran a-kori-kura bayan karo

Direba, Garwa: Assalamu alaikum. Tsohuwar Hilux ɗina ta yi karo a hanyar Marwa, gabanta ya lotse, lagireto ya fashe, sitiyari kuma yana ja zuwa dama. Da me ya kamata in fara?

Makanike, Marwa: Allah ya tsare gaba, Alhaji. Kada ka fara da fenti. A fara auna shasi, wato ƙarfen ƙasa da jikin motar ke zaune a kai, daga kusurwa zuwa kusurwa, domin idan ya karkace, ko an miƙe jikin motar tayoyi za su riƙa cinyewa ta gefe ɗaya, kuma gyaran sitiyari ba zai zauna ba.

Ɗan kasuwa, Kuseri: Gaskiyar maigida ce. Kuma kada ka tayar da injin babu ruwa, zafi yana ƙona gasket, wato abin da ke toshe tsakanin kan injin da jikinsa.

Direba, Garwa: Na gode, gobe za a auna.