Mahaifiyata mai saƙar faifai ce a Birni: in ɗauke ta zuwa Yamai ko in gyara mata gidanta?

Ɗan Birni a Yamai:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Mahaifiyata ta haura shekara 70, tana zaune a gidan marigayi mahaifinmu a unguwar Birni ta Damagaram tare da jikarta mai shekara 13, wadda take wuni a makaranta. Tun tasowarmu sana'arta ita ce saƙar faifai da marufin ƙwarya da ƙananan kwanduna na kaba, kuma har yau da kuɗin hannunta take sayen goro da sabulu da zubin adashi. Idonta lafiya yake, domin an duba shi watan jiya aka ce tabarau kawai take bukata. Matsalar gwiwa ce da baya: idan ta daɗe zaune a ƙasa, tashi yana ba ta wuya, kuma kwanan baya ta zame a bakin makewayi, Allah dai ya kiyaye ba ta karye ba. Ni ina aiki a Yamai, kusan kilomita 900 daga gida, ƙannena mata kuma suna ɗakunan aurensu, ɗaya a Mirya ɗaya a Tanut. Na tara jikka 300, wato sefa dubu 300. Ko dai in ɗauko ta ta zauna tare da iyalina, ko in kashe kuɗin wajen gyara makewayi da daɓe tsakar gida, in ƙara mata jarin kaba. Ita dai ta ce ba ta zuwa ko'ina. Wanda ya gwada ɗaya daga cikin biyun ya gaya mini yadda ta kaya.

Maman Ƴan Biyu:
Wa'alaikumus salam. Malam, ka fara kai ta a duba mata ido, domin wasu tsofaffin da suke faɗuwa yana ce ta rufe musu gani ba su sani ba. Sannan ka raba ta da kaba, ka saya mata kwarashi da zaren ulu ta riƙa saƙa hulunan jarirai da safa. Idan sanyin Disamba ya shigo kayan nan ba sa kwana.

Jikan Mai Tabarma:
Hajiya, ai ya faɗa cewa an duba idon. Kuma matar da ta shekara 50 tana riƙe da basilla ba yau za a koya mata kwarashi ba. Ga shi zaren ulu daga Kano yake zuwa, duk mai saƙa ta ga yadda ya yi wuya lokacin da aka rufe iyaka a 2023, ita kuwa kaba a ƙasarmu take tsirowa.

Ƴar Zango:
Ɗan'uwa, ni ba shawara zan ba ka ba, abin da muka aikata da hannunmu zan gaya maka. Mahaifiyarmu kaɗin auduga take yi da saƙar tabarma a Zango. Da hantsi matan unguwa kan shigo da mazarinsu, a gurje auduga, a shiɓe ta, ana kaɗi ana hira har a kira azahar, kuma a hannunta ake zuba adashin unguwar ba tare da ta taɓa rubuta komai ba. Da ƙafarta ta fara ciwo sai babban yayanmu ya rantse cewa ba za a ce uwarsa tana sayar da abawa alhali yana hawa mota ba, ya ɗauke ta zuwa Yamai. Aka ba ta ɗaki mai tayil da fanka da talabijin, aka hana ta taɓa komai, ko tsintsiya ta ɗauka sai a karɓe. Matar gidan ba muguwa ba ce, amma ta ce kaba tana ɓata mata falo, maƙwabta kuma Zabarmanci da Faransanci suke yi, babu wadda za ta shigo ta ce mata ina kwana da harshen da take ji. A hankali ta daina tambayar labarin kowa, ta koma barcin rana, daga baya matar da take riƙe lissafin unguwa da ka ta koma tambayar yau wace rana ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kafin shekara ta zagayo maza suka haɗa kai suka sayar da gidan Zango, wai ai babu kowa a ciki. Da ta matsa sai an mayar da ita gida, babu gidan da za a mayar da ita. A ɗakina ta rasu a Karkada, tana tambayar wanda ya ɗauke mata mazari da taskira. Har yau ba na haɗuwa da yayan nan sai a wurin gaisuwar rasuwa.

Malam na Garin Malam:
Allah ya jiƙanta, ya ba ki haƙuri ƴar'uwa. Amma ta yaya aka sayar da gida tana raye? Matar mamaci tana da tumuni idan akwai ƴaƴa, ku mata kuma kowace tana da rabonta, babu wanda yake da ikon sayarwa ba da yardarku ba. Game da mai tambaya kuwa, aya ta 23 a Suratul Isra'i ta yi maganar iyaye idan tsufa ya riske su a wurinka. Ni a ganina wurin ɗa ne mazaunin tsohuwa, faifai bai kai a bar ta ita da yarinya ba.

Ƴar Zango:
Malam, an kawo mana takarda aka ce mu sa hannu domin za a saya mata wani kusa da likita, muka sa. Wanda aka yi alkawarin saye har yau ba a gan shi ba. Kuma a wurin ɗan nata ne ta lalace, ba a gidanta ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Allah ya gafarta mata. Bari in koma kan tambayar, domin irin waɗannan iyayen nake gani kullum a wurin aiki. Abin tsoro ga mai shekara 70 shi ne karayar ƙugu, kuma faɗuwar da take jawo ta sau da yawa a makewayi take faruwa ko da dare idan an fito babu haske. Tayil mai santsi ya fi daɓen ƙasa haɗari, saboda haka kai ta gidan zamani ba shi ne kariya ba. Idan za ka yi gyara, ka sa a yi daɓen siminti mai kaushi, a kafa ƙarfe ko itace mai ƙarfi da za ta dafa a makewayi, a ɗaga mazaunin yadda ba sai ta tsuguna ƙasa ba, a sa fitila mai aiki da hasken rana tsakanin ɗakinta da makewayin. Wajen saƙa kuma ta bar zama a tabarma da kujera ƴar tsuguno, a yi mata kujera mai jingina wadda tsayinta ya kai gwiwa, ta riƙa miƙewa tana zagaya tsakar gida kafin ƙafa ta yi tsami. Ita saƙar kanta ba ta cutar da ita, motsa yatsu da lissafin zanen faifai alheri ne a gare ta. A riƙa auna mata hawan jini kuma, domin jiri ma yana kayar da mutum.

Baba Mai Ritaya:
Ƴata ma'aikaciyar jinya, na gode da bayaninki, amma kin taɓa ganin an saƙa tabarma a kan kujera? Ni shekarata 74, ina tufkar igiya tun da na bar aikin koyarwa, kuma da babban yatsan ƙafa nake riƙe bakin igiyar. Ƴaƴana sun sayo mini irin kujerar nan, yanzu kaji ne suke kwana a kanta. Abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda kuke ta yanke shawara a kanmu kamar ba ma nan. Baiwar Allah ta ce ba ta zuwa ko'ina, yaron ya rubuta haka da hannunsa, amma babu wanda ya tsaya a kan wannan maganar. Idan na kai igiyata kasuwar Dole ranar Alhamis, ba kuɗin ne kaɗai yake kai ni ba, a can nake jin wanda ya rasu da wanda ya aurar da ƴa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tabarma da igiya daban, faifai daban. Faifai a kan cinya ake ɗinka shi, ana naɗa kaba a kan ciyawa ana sokawa da basilla, ba ya bukatar ƙafa. Kuma da girmamawa nake cewa, ku kuna ganin waɗanda suke zuwa kasuwa ne, mu kuwa waɗanda aka kawo a kwance muke gani.

Bafulatanin Tanut:
Idan tsohuwar Babarbariya ce, ku bar ta kawai, ko a jirgi aka kai ta Yamai da ƙafa za ta dawo. Ku aiko mini da faifai biyu in rufe ƙwaryar nono, zan biya idan shanu sun dawo daga arewa.

Jikan Mai Tabarma:
Kai dai bawanmu, ka biya bashin bara tukuna. Ni tambayata ga mai neman shawara ita ce, ya yi lissafin abin da sana'ar take kawowa kuwa? Kakata faifai mai launi dala 100, wato sefa 500, take sayar da shi, kuma yana cin ta kwana biyu ko fiye. Idan aka cire kuɗin kaba da galura, abin da ya rage bai wuce na goro ba.

Hajiya Dillaliya:
Wace shekara ke nan? Ni nake karɓar kaya a hannun tsofaffin Birni, faifai mai kyau na kayan amarya jikka 1 nake biya, har jikka 2 idan zanen ya fita kuma bakin ya ɗinku sosai. Waɗanda suka kai kaya baje kolin sana'o'in hannu na mata na SAFEM a Yamai sun sayar fiye da haka.

Maman Ƴan Biyu:
Hajiya, a makon jiya na sayi faifai dala 60 a kasuwar Mirya ranar Lahadi, kuma babu abin da ya same shi. Idan kina biyan jikka 2, gaya mana ƙofar gidanki mu kawo.

Hajiya Dillaliya:
Na dala 60 na bakace ne, ba shi ake jerawa a ɗakin amarya ba. Kuma ku sani kaba ta yi tsada. Mai kyau daga wajen Gulbin Kaba ake kawo ta, ta nan kusa kuwa an matsa mata da yanka tun tana ƙarama har ba ta samun zama goriba. Ga tabarmar roba da kwandon roba sun cika kasuwa, amaren yanzu sai uwa ta matsa suke yarda a sa musu na kaba.

Magini:
Ni abin da ban ji an ambata ba shi ne ginin kansa. Gidajen Birni na ƙasa ne, kuma duk mun ga yadda tsohon masallacin Birni ya rushe a damanar 2024 saboda yawan ruwa. A wannan damanar katangar gidan gwaggona ta faɗi da dare tana ciki ita kaɗai, maƙwabta ne suka fito da ita. Kafin ka daɓe tsakar gida ka sa a duba azara da indararo da gindin katanga, domin idan ka yi siminti ba ka ba ruwa hanyar fita ba, gindin bango zai koma yana sha. Jikka 300 za ta yi makewayi da daɓe, amma idan rufi ya shigo ciki ba za ta kai ba.

Ɗan Birni a Yamai:
Na gode ƙwarai, kuma Yaya ƴar Zango, labarinki ya hana ni barci. Na kira tsohuwa na karanta mata wasu daga cikin amsoshin. Ta ce a gaishe da Baba Mai Ritaya, ta ce kujera za ta gwada idan ba ta roba ba ce, Yamai kuwa sai dai ta zo ganin jikoki bayan sallar layya ta koma. Abin da ya rage mini shi ne wunin da take yi ita kaɗai idan yarinyar ta tafi makaranta. Akwai wanda ya taɓa ɗaukar wata ta riƙa zama da tsohuwa da rana, kuma nawa ake biya a wata?

Maman Ƴan Biyu:
Kafin ka yi maganar mai zama da ita, wa yake kawo mata ruwa? Kaba sai an jiƙa ta kafin ta saƙu, rini ma ruwa yake ci, ga alwala da wanki. Mu a Karkada idan bazara ta yi sai tsakar dare famfo yake kawowa, in ya kawo ke nan, kuma tsohuwa ba za ta tashi ƙarfe 3 na dare tana tarar ruwa ba.

Jikan Mai Tabarma:
Wannan ita ce maganar. A bazarar da ta wuce dala 30 muka riƙa sayen bido ɗaya, wato jarkar ruwa, a hannun ƴan garuwa, kuma sai ka yi musu magana tun da asuba.

Hajiya Dillaliya:
Dala 30 ai kun samu sauƙi. A unguwarmu har dala 50 ya kai, kuma takardar kuɗin ruwa ba ta fasa zuwa ba duk da iska kawai famfon yake fitarwa.

Baba Mai Ritaya:
Tun ina ɗan makaranta ake cewa an kusa gama matsalar ruwan Damagaram. Garin a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo ruwan daga nesa, daga Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, jama'a kuma kullum ƙaruwa take yi. Mu da muke kan tudu mu ne na ƙarshe da yake isowa gare mu. Magini, tunda kana nan, nawa ne kuɗin gina ƙaramin tankin siminti mai cin tano (ganga) biyar, kuma yana tsagewa idan ya daɗe babu ruwa a ciki?