Henry Lawson ko Banjo Paterson: wane ne ɗan ƙauye na gaskiya?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman haske. Ɗalibanmu na sakandare za su juya waƙar karkara ɗaya ta Ostireliya zuwa Hausa, mu gwada ta da waƙoƙin noma. Sunaye biyu nake ta cin karo da su, Lawson da Paterson. Wanne ya fi sanin wahalar gona? Kuma yaya ake juya irin waƙar ba ta lalace ba?

Malamin Gaya:
Wa'alaikumus salam, Malam. In wahalar gona kake nema, Lawson ne. An haife shi a 1867 a mahaƙar zinariya ta Grenfell, jihar New South Wales. Mahaifinsa ɗan Norwe ne. Da haƙa ta ƙi, sai ya karɓi gona mai eka 40 a Eurunderee, kusa da Mudgee.

Sai ka san dokar filaye ta New South Wales ta 1861 kafin waƙoƙin su shige ka. A lokacin talaka yana iya zaɓar eka 40 zuwa 320 a kan fam ɗaya kowace eka, ya biya sule biyar a kowace eka kafin alƙalami, ya zauna a filin shekara uku. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma manyan masu garken tumaki sun riga sun kame bakin rafuka, wani lokaci ta hanyar sa yaransu su saya da sunan kansu. Abin da ya rage wa talaka tudu ne mai tsakuwa, eka 40 kuwa ba ta ciyar da gida a can. Sai maigida ya tafi ci-rani, a bar uwargida da yara da dabbobi. Duk wanda ya ga ƙauyukanmu bayan an gama kaka ya san wannan hoton.

Ciwon kunne ya kama Lawson yana shekara 9, kafin ya kai 15 ya kusa kurmancewa. Waƙarsa ta farko ta fito a mujallar The Bulletin a 1887. A 1892 editan mujallar, Archibald, ya ba shi fam 5 da tikitin jirgin ƙasa zuwa Bourke, ana tsakiyar fari. Daga nan ya taka da ƙafa har Hungerford, sama da kilomita 200. Giya ta ci ƙarfinsa daga baya, ya rasu a 1922, gwamnati ta yi masa jana'iza.

Uwar Hafsa, Kazaure:
Malam, a yi wa Paterson adalci. Shi ma a karkara aka haife shi, kusa da Orange, a 1864, ya girma a gonar kiwo ta Illalong. Bambancin dai shi ɗan masu dawaki ne, ya yi karatu a Sidni ya zama lauya. Hatta laƙabin Banjo sunan wani doki ne na gidansu. Shi ya rubuta fitacciyar waƙar Ostireliya, Waltzing Matilda, a 1895. A 1892 sun yi ta mayar wa juna martani da waƙa a The Bulletin: Lawson yana cewa daji ƙura ne da ƙishirwa, Paterson yana kare dajin, yana cewa ai yana da nasa kyau. Wanda yake kan doki ba zai ga hanya kamar mai tafiya ƙasa ba. A ganina, don rerawa a aji ta Paterson ta fi daɗin baki, Lawson kuwa ya fi ƙarfi a gajeren labari.

Baba Na-Dambatta:
Ɗana, batun juyawa. Karin waƙar Turanci yana ƙirga inda ake danna murya, namu kuma gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake aunawa. In yaro ya bi ɗango kalma bayan kalma, kari zai karye, a rasa yadda za a rera.

A fara rubuta ma'anar kowane baiti a zube. Sannan a zaɓi kari ɗaya na Hausa, a tsaya a kansa. Baitocinsu galibi ɗango huɗu ne ko takwas, suna sauya amsa-amo bibbiyu, ba su da babban amsa-amo irin namu. Ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, ta fi sauƙi: doguwar ɗangonsu ɗaya ta zama baiti guda. Mai kora garke ka ce makiyayi, mai yawon neman aiki da ƙunshin bargo ka ce ɗan ci-rani. Amma kada a mayar da tumakinsu shanun Fulani, don ulu ake kiwonsu, askinsu ma sana'a ce mai zaman kanta. Baiti shida sun ishi zango ɗaya.