Neman shawara: ruwa ya maƙale a ƙarƙashin daɓen jirgina, famfo kuma ya kasa tsane shi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da ƙaramin jirgin ruwa na faiba, wato robar da aka ƙarfafa da zaren gilashi, mai tsawon mita 5, da injin da ake rataya masa a baya, na kuma saye shi ne na hannu. Tun da na fara aiki da shi nake jin ruwa yana kai-komo a ƙarƙashin daɓensa duk lokacin da igiyar ruwa ta ɗaga shi, amma idan na leƙa kwarmin da ke can baya, inda famfon yake, sai in tarar da ɗan ruwan da bai wuce tsayin gaɓar yatsa ba. Famfon yana tashi da kansa, ya zuƙe, ya tsaya, ba a jima ba ya sake tashi, har sau biyu na zo da safe na iske batir ya mutu. Na ɗora jirgin a kan tirela na cire matoshin baya, ruwan da ya fito bai cika bokiti ɗaya ba, alhali jirgin ya yi nauyi, ya kuma karkata kaɗan zuwa hagu. Ina tunanin sayen famfo mafi girma, amma na ga ya dace in fara jin ta bakin waɗanda suka riga ni sanin wannan aiki.

Wani dattijo, mai gyaran jirage:
Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da batun sabon famfo tukuna, domin famfo ba ya zuƙar ruwan da bai iso wurinsa ba. A ƙarƙashin daɓen nan akwai haƙarƙarin jirgi, wasu a tsaye daga goshi zuwa baya, wasu a gicciye, kuma sun raba wurin ɗaki-ɗaki. A gindin kowane akan bar 'yar kafa domin ruwa ya riƙa gangarowa zuwa kwarmin baya. Waɗannan kafofi su ne suke toshewa da yashi, ganye, ɓawon kifi, guntun igiya, wani lokaci ma da gam ɗin da aka yi aiki da shi tun a masana'anta. Na taɓa buɗe jirgin da aka huda kafar tasa santimita 3 sama da ƙasa, wato ko ba ta toshe ba, ruwan da ke ƙasa da ita ba shi da hanyar fita har abada.

Ga abin da zan yi da nawa ne. Ka ɗora shi a tirela, ka ɗaga goshinsa sama sosai, ka cire matoshin, ka bar shi haka ya kwana biyu ko uku. Sannan ka samo waya mai ɗan tauri, ka lanƙwasa bakinta don kada ta karce faibar, ka zura ta cikin kowace kafa da hannunka zai iya kaiwa, musamman ta ɓangaren hagu inda ka ce ya karkata. Sau da yawa da zarar wayar ta ratsa za ka ji ruwa ya ɓalle, baƙi ƙirin, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Idan babu wurin sa hannu, sai ka yanka daɓen ka sa ƙaramin murfin dubawa, irin mai zagaye da ake murɗawa. Idan kuwa ta kama ka huda sabuwar kafa, ka sani yawancin haƙarƙarin nan katako ne aka lulluɓe da faiba, saboda haka dole ka shafe cikin hudar da ifoksi, wato gam mai ƙarfi da ruwa ba ya ratsawa, ko ka zura guntun bututun roba ka liƙe shi. Wanda ya huda ya bari haka, ya buɗe wa ruɓewa ƙofa da hannunsa.

Wani ɗan uwa:
Allah ya ƙara wa Baba sani. Malam mai tambaya, ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne nauyin da ka ambata tare da ƙarancin ruwan da ya fito. Ƙananan jirage da yawa ana cika ƙarƙashin daɓensu da soso na musamman domin kada su nutse ko sun cika da ruwa. Yana sabo ba ya shan ruwa sosai, amma idan ya shekara da shekaru a jiƙe sai ya sha ya ƙoshi, kuma ba ya sakin abin da ya sha ko an jingine jirgin wata guda a rana. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka lita 100 da ta ɓuya a cikin soso daidai take da ka ɗauki wani ƙaton fasinja da ba ya sauka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka auna jirgin a sikeli, ka cire nauyin tirela da inji da mai, ka kwatanta da nauyin da masu ƙera shi suka rubuta. Ko kuma ka huda 'yar kafa a daɓen, ka tura bututu har ƙasa, ka zaro guntun soson ka matse shi a hannu. Idan ya zubo da ruwa, babu wata dabara illa a ɗaga daɓen, a kwashe shi duka, a bar wurin ya bushe, a zuba sabo. Aiki ne mai cin rai, na yi shi sau ɗaya, ban kuma fatan maimaitawa, amma kada ka kwashe ka bar wurin fayau, domin soson nan ne zai riƙe ka ranar da jirgi ya cika.

Wata 'yar uwa:
Game da famfon da yake tashi yana tsayawa, ina ganin ruwa ɗaya ne yake ta juyawa. Idan famfo ya tsaya, duk abin da ke cikin tiyo yakan komo kwarmin. Tiyo mai faɗin milimita 19 yana riƙe fiye da rubu'in lita a kowace mita, wato mita 3 ta kusa lita guda, kuma a ƙaramin kwarmi wannan ya isa ya sake ɗaga makunnin da ke tashi da ruwa. Ka sa bawul mai hana ruwa komowa kusa da famfon, sai batir ɗinka ya huta.

Mai gyaran jirage:
Kin gano cutar daidai, 'yata, amma maganin ne ban yarda da shi ba. Irin wannan famfo mai 'yar fanka a ciki ba shi da ƙarfin turi. Bawul yana rage masa gudu, datti yana maƙale shi, wani lokaci kuma nauyin ruwan da ke samansa ya hana shi buɗewa, sai ka ji famfo yana kuka amma ko ɗigo ba ya fita, kuma hakan yakan faru ne a ranar da aka fi bukatarsa. Gara a gajarta tiyon, a yi amfani da mai santsin ciki maimakon mai ƙwarya-ƙwarya, a ɗaga shi ya yi baka sama da bakin fitar kafin ya sauko, bakin fitar kuma ya kasance sama da inda ruwa yake kaiwa a jikin jirgi ko ya yi lodi. Sai a ɗan ɗaga makunnin yadda ruwan da ya komo ba zai kai shi ba. Ɗan abin da ya rage kuwa, wannan famfo bai taɓa tsane shi ba, aikin soson hannu ne ko ƙaramin famfo mai tsotsa. Adadin da ake rubutawa a jikin famfo, misali galan 500 a awa, wato kusan lita 1,900, an auna shi ne ba tiyo ba hawa, saboda haka a cikin jirgi abin da za ka samu ya gaza haka nesa ba kusa ba.

Wani ma'abocin kamun kifi:
Duk an yi maganar fitar da ruwa, ba a yi ta inda yake shigowa ba. Bayan ka busar da jirgin, ka barbaɗa hoda ko garin alli a kewayen kwarmin da gindin kusoshin da suka riƙe inji, ka mayar da shi ruwa, ka zauna da tocila. Ruwa zai ja layi a cikin hodar ya nuna maka hanyarsa. Wuraren da na fi zargi su ne robar matoshin baya idan ta tsufa, kusoshin inji, da duk wani sukurun da aka ɗaura a daɓe ba tare da an liƙe shi ba, domin ta nan ruwan sama yake sulalewa ƙasa. Ka kuma ƙwanƙwasa bangon baya da ƙotar sukuddireba: lafiyayyen wuri yana amsawa da kaifi, wanda katakonsa ya jiƙe kuwa sai ka ji shi dum. Abu ɗaya da nake roƙonka, kafin ka kunna abin huda ko wata na'urar lantarki a wurin, ka sunkuya ka shinshina. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a kwarmin nan yake kwanciya, tartsatsi ɗaya kuma ya ishe shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Jiya na ɗaga goshin jirgin na zura waya kamar yadda Baba ya ce. Kafar dama a buɗe take, amma ta hagu na zaro murfin gora da dunƙulen zaren kamun kifi, sai ruwa ya ɓalle, na kwarfe bokiti shida kafin ya koma ɗiga, kuma har yau da safe yana ɗiga. Karkatar ta ragu, sai dai ba ta tafi duka ba, don haka ina zargin soson ɓangaren ya sha nasa. Tiyon kuma na tarar an zagaya da shi ta bayan tankin mai, tsawonsa ya ninka abin da ake bukata. Gobe in Allah ya yarda zan gajarta shi, in kuma huda daɓen hagu in zaro guntun soson. Baba, idan na same shi a jiƙe ta ƙasa kawai, sama kuma a bushe, shin dole ne in kwashe duka, ko zan iya yanke jiƙaƙƙen in bar sauran?