Me za mu kira "graduate trainee" da Hausa?

Duk sa'ad da bankuna ko manyan kamfanoni irin su Dangote, Nestlé da MTN suka buɗe ƙofar ɗaukar waɗanda suka gama jami'a, sai ka ga masu yaɗa sanarwar da Hausa sun kasu. Wani ya rubuta "ɗan koyo", wani "mai sanin makamar aiki", wani ya bar Turancin yadda yake. Mu tsayar da magana ɗaya, don iyaye na karanta waɗannan sanarwoyi, kuma da abin da suka fahimta suke ba 'ya'yansu shawara.

Da farko, wane ne shi? Ya gama digiri, ya yi hidimar ƙasa, ya ci jarrabawar kamfani da ganawar baki, an ba shi takardar kama aiki. Albashi yake karɓa. Sai dai kafin a damƙa masa kujera, ana zagayawa da shi sashe-sashe, yau wajen kuɗi, gobe wajen saye da sayarwa, jibi cikin masana'anta, ƙarƙashin wani babba mai lura da shi. Bankuna har makaranta suke da ita, wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshe a sallame shi. A 2019 NNPC, kamfanin man fetur na ƙasa, ta yi shelar irin wannan ɗauka, matasan Arewa da yawa sun nema.

Ke nan ba ɗan hidimar ƙasa ba ne, wanda shirinsu ya faro a 1973 zamanin Gowon. Ba kuma ɗalibin SIWES ba ne, wato shirin tura ɗaliban manyan makarantu koyon aiki a ma'aikatu, wanda hukumar horas da ma'aikata ta ITF ke kula da shi, ɗalibi ya yi watanninsa ya koma aji.

"Ɗan koyo" bai yi mini ba. Uba ya ji haka, zai ɗauka ɗansa mai digiri ya koma yaron shago, ba albashi sai na sabulu. "Mai sanin makamar aiki" ya yi tsawo, kuma mun riga mun saba da shi a kan bitar kwana biyu ko uku. Wani ɗan'uwa ya kawo "kurtu". Malam, kalmar ta dace da bariki, a bar wa sojoji da 'yan sanda. "Horo" kuwa yana ɗauke da ƙanshin hukunci a kunnen mutane da dama.

Ni ga tawa: ɗan rainon kamfani. Mace 'yar rainon kamfani, jam'i 'yan rainon kamfani, shirin kansa kuma shirin rainon ma'aikata.

Wata Hajiya ta ce raino na jarirai ne, ina ruwansa da mai shekara ashirin da biyar? Hajiya, Allah ya ƙara girma, ai a kasuwar Kantin Kwari idan matashi ya gwanance a harkar atamfa cewa ake "rainon Alhaji wane ne", ba wanda ke jin an ƙasƙanta shi. A siyasa da zauren karatu ma haka. Raino na nufin an ɗauke ka a matsayin ɗan gida, ana kashe maka kuɗi da lokaci, ana sa ran gobe ka riƙe wani ɓangare na gidan. Abin da kamfani ke nufi da shirin ke nan.

Masu fassara a gidajen rediyo, ku gwada ta a labaran wannan makon: "Bankin ya ɗauki sababbin 'yan rainon kamfani." Idan ta yi muku nauyi a baki, ku kawo wadda ta fi ta.