Wai da gaske tsohuwar matarka za ta raba fanshonka biyu a Amurka?

Direban Tirela: Salam jama'a. Ni fa akwai maganar da ta tsaya min a rai tun jiya. Dokar Amurkar nan ta zalunci maza wlh. Ka yi shekara talatin kana bisa hanya ana cire maka kuɗin Social Security, wato fanshon gwamnati, a kowane albashi, ranar da ka yi ritaya sai matar da kuka rabu tun tuni ta je ofis ta cike fom a raba fanshonka biyu a miƙa mata rabi. Abokin aikina ne ya faɗa min, shi ya sa yake ta hanzari a gama shari'ar rabuwarsu kafin auren ya cika shekara 10. Na ce masa yana da gaskiya, kowa ya ci guminsa.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Yaya dan Allah ka kira abokin nan naka yau ɗin nan, an ba shi labari a karkace. Eh tana iya nema idan auren ya kai shekara 10, ta kai shekara 62, kuma bata sake aure ba. Amma ko dala ɗaya ba a cirewa daga nasa, ko yayi sabon aure ma na amaryar baya raguwa. Ni shekarata 14 a gidan baban yarana, na je ofishinsu da ƙafata na tambaya, ko sa hannunsa basa buƙata. Abinda abokinka zai yi shine ya hana uwar 'ya'yansa abinda gwamnati zata bata alhali shi ba abinda zai ƙaru dashi.

Direban Tirela: To Hajiya kuɗin daga sama suke faɗowa? Idan da sunana aka lissafa ai daga nawa ne

Malamin Lissafi: Ba daga naka bane Alhaji. Kashi 6.2 cikin ɗari da ake cire maka, kamfani ma ya ƙara 6.2, ba a wani asusu mai sunanka ake tarawa ba, tukunya ɗaya ce kowa ke zubawa ana biyan na yanzu. Sunanka ma'auni ne kawai. Misali cikakken fanshonka dala 2,000 ne a wata, in ta jira ta kai 67, wato cikar shekarun ritaya ga wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, zata samu 1,000, in kuma ta yi gaggawa ta karɓa tana 62 sai ya sauko 650. Kai kana nan da 2,000 ɗinka cas. Kuma in ita ma ta yi aiki nata ya kai 1,200 to ba ta da komai ta ɓangarenka, in nata 700 ne sai a cika mata 300, ba a haɗa mata biyun.

Dattijo: Lissafin naji shi kuma ban musa ba. Amma ni har yanzu raina bai kwanta ba. Mace ta gama idda kowa ya kama gabansa, me ya rage tsakaninsu da har za'a riƙa auna abincinta da sunansa?

Maman Biyu: Baba da girmanka, bari in faɗa maka abinda ya rage. Kafin mutum ya cancanci fansho da sunansa sai ya tara kiredit 40, kuma huɗu kawai ake samu a shekara, wato aikin shekara goma kenan. Ni shekarun da ya kamata in tara nawa ina gida ina goyo ina girki ina kai yara makaranta, shi ya ce kar in fita aiki kuma na bi, shi nasa na ta hauhawa nawa babu ko ɗaya, yanzu na fara daga farko gashi ƙarfi ya fara tafiya. Ba shi nake roƙo ba, ba aljihunsa nake taɓawa ba. Da can ma sai aure ya kai shekara 20, a 1977 majalisa ta rage zuwa 10 saboda mata da yawa suna tashi a tutar babu.

Dattijo: Allah Ya saka miki 'yata. Tunda ba haƙƙinsa aka ɗiba ba to wannan ɓangaren na sauka. Amma kar a ce wa maza ba a taɓa komai, na san wanda aka raba masa kuɗin ritayarsa a kotu.

Malamin Lissafi: Wannan daban ne Baba. Asusun 401k, wato ajiyar ritaya da ma'aikaci ke tarawa ta wajen aikinsa, da fanshon kamfani dukiya ce, abinda aka tara cikin zaman aure alƙali na iya rabawa. Social Security kuwa alƙalin jiha ba shi da ikon raba shi kamar gida ko mota. Inda ake taɓa shi shine in kotu ta yanke maka kuɗin ciyar da yara ko na tsohuwar mata ka ƙi biya, nan kam za'a cire kafin ya shigo hannunka.

Direban Tirela: Toh kun gani, ashe ana cirewa

Anti Nas: Haba ƙanina, ciyar da 'ya'yanka ai ko ba kotu wajibinka ne. Bari in shigo da maganar nakasa don nan ne mutane suka fi ruɗewa, ina ganinsu kullum a wajen aiki. Kala biyu ne. SSDI na wanda yayi aiki ya biya haraji sannan lalura ta same shi, wannan rabuwar aure bata ƙara shi bata rage shi, kuma yaransa 'yan ƙasa da 18 suna ci gaba da karɓar nasu ko a hannun wa suke. SSI kuma na mai ƙaramin ƙarfi ne, ana duba abinda ke shigowa gidan, to in kina tare da miji mai albashi ana lissafa wani ɓangaren albashinsa kamar naki, sai kuɗinki ya ragu ko a hana ki gaba ɗaya, da kun raba gida sai a daina lissafa shi, kinga zai iya ƙaruwa. Amma kuɗin da kotu ta sa yake baki shima ana lissafa shi, kuma dukiyar da aka yarda ki mallaka ta sauko daga dala 3,000 ta ma'aurata zuwa 2,000, gidan da kike ciki da mota ɗaya basa ciki. In an baki kasonki na dukiya ya wuce haka za'a tsayar da biyan. Dan Allah duk wanda ke kan SSI ya sanar dasu canjin da wuri, in ba haka ba su biya ka fiye da ƙima daga baya su ce ka maido.

Ƙanwarku: Ina ta karantawa jikina duk yayi sanyi. Aurena shekara 9 da wata 7, ya sake ni da baki wata biyu da suka wuce, takardun kotu kuma yanzu aka shigar. Na rasa kenan?

Maman Biyu: Ƙanwata kwantar da hankalinki. Su ba ranar da ya furta suke dubawa ba, daga ranar ɗaurin auren da ke kan takarda zuwa ranar da alƙali ya sa hannu a hukuncin ƙarshe suke ƙirgawa. Ki faɗa wa lauyanki ainihin kwanan watan tun yanzu. Kuma ba fanshon kaɗai ba, Medicare ɗinki, wato inshorar lafiya ta gwamnati, in kin kai 65 ma zai iya dogara da shekarun nan goma, sannan in ya riga ki rasuwa kina iya karɓa tun kina 60, ko 50 in kina da nakasa, in kin jira cikar shekarunki ma a baki cikakken abinda yake karɓa.

Dattijo: Ni dai bana son a riƙe yarinya a rataye saboda kuɗin da sai nan da shekara talatin. In ta samu miji nagari tayi aurenta ai maganar ta faɗi.

Anti Nas: Ta faɗi muddin sabon auren na nan Baba, in ya ƙare haƙƙin na dawowa. Kuma ba wanda ya ce ta koma gidansa, wata biyar ne a takarda, shari'ar ma sau da yawa tana kai haka da kanta.

Direban Tirela: Ni har yanzu ina ganin maganar 401k ɗin nan da nauyi, zamu dawo kanta. Amma abokin nawa zan kira shi in na tsaya shan mai, nasu saura wata huɗu.

Ƙanwarku: Anti wace takarda zan adana? Ta auren tana hannunsa

Anti Nas: Ki nemi kwafi mai hatimi daga inda aka yi rajistar auren, ki haɗa da hukuncin kotu in ya fito, in kin san lambar Social Security ɗinsa ki rubuta ki ajiye, in baki sani ba ranar haihuwarsa da garin da aka haife shi da sunan iyayensa zasu taimaka musu su nemo.